Ambulan Mai Jan Hatimi

Ellery, Ohio
9 ga Nuwamba, 1993

Yaya Helmi,

Gaisuwa mai yawa daga ɗan baffanki Arvo, in dai ba ki manta kina da shi ba. Ina fatan kina lafiya, kuma sanyin Calumet bai fara taɓa miki ƙashi ba. An ce kunnenki ya ƙara nauyi har kin daina ɗaukar waya, shi ya sa na nemi takarda. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwoyi, da likita ya ce sun gama hawa tsani.

Shekara goma sha ɗaya rabonmu, don haka bari in tuna miki ko ni wane ne. Na sauka a garin nan da jaka ɗaya da takalmin babana, ba wanda ya tarbe ni a tasha. Rufin allon dutse da ido na koye shi, don maigidana na farko bai taɓa nuna mini yadda ake riƙe guduma ba. Na rufa coci goma sha bakwai da kotu biyu, gidaje kuwa na daina ƙirgawa, kuma har yau ba wanda ya kira ni ya ce ruwa na zubo masa. Gidan da nake ciki ni na gina shi tun daga tushe. Na yi jinyar matata Lorraine shekara uku da hannuna. Yanzu, ina da shekara hamsin da huɗu, na yi shekara biyu a kwalejin gwamnati ta garinmu, cikin yara sa'o'in 'ya'yana da ina da su, ban faɗi darasi ko ɗaya ba. Duk ni kaɗai, Yaya.

To ga labarin. Na nemi a mayar da ni Kwalejin Ellery, mai zaman kanta, wadda ke kan tudu, in ƙarasa digirina a can.

Za ki ce me ya kai tsoho wurin 'ya'yan manya. A kakar 1979 ni na yi musu rufin ginin kimiyya. Akwai wata 'yar taga a ƙarƙashin rufin, ta wani aji da ke hawa na uku. Wata safiya ina zaune a sama da allo a hannu, ganyen itatuwa duk ya yi ja a ƙasana, sai na ji malamin yana cewa dutsen da ake rufi da shi laka ce da ta kwanta a ƙasan wani teku tun kafin a yi mutum. Na dubi allon. Shekara ashirin ina fasa shi ina huda shi, ban san ƙasan teku nake ɗorawa a kan mutane ba. Aikin sati biyar ne, sai da na kai shi sati tara, don duk Talata da Alhamis ba na buga ƙusa sai an tashi daga ajin nan.

Tun daga lokacin nake ganin kaina a cikinsa. Kujera ta uku daga taga, inda rana ke sauka da hantsi. Wani lokaci har ƙamshin allin nake ji. Ina so in ji sauran zancen tekun nan daga ciki, ina zaune, ba ina maƙale a waje ba.

Na cike musu fom, na rubuta musu tarihina shafi huɗu. Sai jiran amsa.

Ƙanenki,
Arvo

Calumet, Michigan
28 ga Nuwamba, 1993

Arvo,

Na samu wasiƙarka, na gode. Lafiyata da sauƙi, kunnen ne dai, amma a shekara hamsin da tara na riga na ji yawancin abin da mutane ke faɗa. Ƙanƙara ta kai gindin taga.

Ashe bakinka yana nan. Na karanta wa maƙwabciyata Irja jerin ayyukanka muna shan kofi da nisu, burodin nan namu mai zaƙi, ta ce ko kai ka haƙa babban tafkin nan namu ma ka manta ba ka rubuta ba. Takalmin baffa kuwa ni na kai shi wurin dukawa aka sake masa ƙasa, tun ba ka san za ka gudu da shi ba.

Zancen tekun ya yi mini daɗi. Haka kake tun kana ƙarami, in ka tsinci dutse a bakin ruwa sai a yi ta kiran ka cin abinci ba ka ji. Ka shiga ajin. Ka sayi riga mai kyau, kada ka je musu da ta aiki.

Yayarka,
Helmi

Ellery
11 ga Janairu, 1994

Yaya Helmi,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan kin shige ta lafiya. Gwiwar hagu tana ƙara idan zan tashi, amma ina zuwa aji. Ki gaya wa Irja tafkin ya riga ni, da na same shi ba a gama ba da na gyara gefensa.

Wata 'yar matsala ta taso. Jiya aka kira ni ofishin ɗaukar ɗalibai. Wadda ke riƙe da takarduna sunanta Malama Pruitt, doguwa ce mai tabarau a wuya. Ta ajiye fom ɗina a dama, tarihina a hagu.

Ta ce, "Malam Niemela, a nan an tambaye ka duk kwalejin da ka taɓa shiga, ka rubuta guda ɗaya."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "A nan kuma, shafi na biyu, ka ce ka fita daga kwalejin ma'adinai a Nuwamban 1958 cikin ƙanƙara, ba ka waiwaya ba. Rubutun ya yi kyau, har na karanta wa abokiyar aikina. To wace ce gaskiya?"

Kin ga abin da bakina ya jawo. Na ce mata wata uku kawai na yi, kuma makarantar ta mutu tun tuni. Ta ce makaranta tana mutuwa, takardunta ba sa mutuwa. Dokarsu ita ce duk inda mutum ya taɓa yin rajista, ko na kwana ɗaya ne, sai an kawo takardar sakamakonsa daga can. In ba ta iso ba ranar ɗaya ga Maris, an rufe maganata.

Ga abin da ke damuna. A da ban san wannan ba, sai a kwalejin da nake yanzu na koya. Wanda zai bar karatu a tsakiyar zango, akwai takardar janyewa da yake cikewa ya sa hannu, sai a rubuta ya janye, ba laifi. Wanda ya kama hanya kawai ya tafi, kowane darasi faɗuwa ake rubuta masa. Ni kuwa kin san yadda na tafi. Darasi biyar ne. In aka haɗa faɗuwa biyar da makin da na tara a shekara biyun nan, na yi ƙasa da layin da suke ɗauka.

An ce da aka rufe makarantar an kwashe takardunta zuwa ɗakin ƙasa na ginin gunduma. Na rubuta musu, amma ba su amsa wasiƙa sai mutum ya je da ƙafarsa. Ga takardar izini na sa a ciki. Ban saba roƙo ba, kin sani. Aike ne kawai.

Shekaranjiya na hau tudun da rana. Ƙanƙara ta rufe rufina gaba ɗaya, sai layin jan ƙarfen da ke tsakiya yana walƙiya. Na tsaya ina kallon 'yar tagar har wani ɗalibi ya tambaye ni ko na ɓata hanya.

Ƙanenki,
Arvo

Calumet
2 ga Fabrairu, 1994

Arvo,

Na gaishe ka. Mura ta kwantar da ni, yanzu na tashi.

Na san abin da ke cikin fayil ɗin nan, na daɗe da sani. Ba na so in zama wadda za ta fito da shi. Ka ba ni lokaci in yi tunani.

Helmi

Ellery
8 ga Fabrairu, 1994

Yaya Helmi,

Sannu da jiki. Ni lafiya.

Sati uku ina leƙa akwatin wasiƙa, sai ga layi uku. To na fahimta. Kin san abin da ke ciki, wato duk Calumet ta sani, kuma kina jin kunyar tsayawa gaban akawu ki ce wannan mai faɗuwa biyar ɗan'uwanki ne. Da kin faɗa kai tsaye.

Tun da kin sani, bari in faɗa da bakina. Ba don an rage ma'aikata a mahaƙa na bar karatu ba, kamar yadda nake gaya wa mutane. Jarrabawar lissafi ta farko aka yi, aka manna sakamakon a bangon zaure, daga na sama zuwa na ƙasa. Mu arba'in da ɗaya ne. Sai da na durƙusa kafin na ga sunana. Wani ɗan manajan mahaƙa yana bayana, ya ce, "Ka ci gaba da sauka, kun saba da rami." Na miƙe na wuce tashar mota. Ko Lorraine ta rasu ba ta ji wannan ba.

Ki bar shi. Na rayu shekara talatin da biyar ba tare da takardar ba. Zan rubuta wa Malama Pruitt in ce na fasa. Ban rubuta ba tukuna, alƙalamin ne ba ya kama takardar da kyau.

Jiya na yi gyangyaɗi a kujera bayan abincin rana, na ga ajin. Ruwa ya cika shi har saman taga, kore, shiru, ɗalibai suna zaune a ƙasa suna rubutu abinsu, laka tana sauka a kafaɗunsu a hankali. Kujera ta uku ba kowa. Ni kuma ina sama ina leƙe.

Arvo

Calumet
19 ga Fabrairu, 1994

Arvo,

Ina gaisuwa. Na warke sarai. Kai kuma ka sha ruwa ka zauna.

Ba kunyarka nake ji ba, sarkin zuciya. Ban taɓa sanin zancen bangon nan ba sai a wasiƙarka, kuma na yi kuka a kan tebur, in kana son ka sani. Abin da nake nufi daban ne.

Ranar Alhamis Irja ta kai ni ginin gundumar a motarta, muna bin bayan motar share hanya. Akawun ta sauka da mu ɗakin ƙasa, muka yi awa biyu cikin kwalaye kafin aka samo ka. Ta kwafi duk abin da ke fayil ɗin, shafi biyu ne, ta sa a ambulan, ta buga jan hatimi a bakinsa ta sa hannu a kai. Ga shi nan. Ta ce in ja maka kunne, in hatimin ya tsage ko kaɗan kwalejin ba za ta karɓa ba, kuma babu lokacin sake wani. Kai za ka kai da hannunka, su za su buɗe.

Ba zan gaya maka abin da ke ciki ba. In na gaya maka yanzu, ba za ka kai ba, na san ka.

Akwai ƙaramin ambulan fari kuma, nawa ne. Shi sai ka dawo daga wurinsu. Kada ka yi halinka na leƙa tukunya.

Yayarka,
Helmi

Abin da ke cikin ƙaramin ambulan:

Arvo, yanzu ka gani. Da ka ɓace, mahaifiyarka ta zo wurina a gidan wanki. Wata da muke guga tare, ɗanta ya taɓa yin makarantar, ita ta gaya mini zancen takardar janyewa, kuma saura kwana biyu a rufe. Na je na ce kana kwance a gida. Suka ba ni takardar, suka ce sai kowane malami cikin biyar ya sa hannu, sannan kai. Na bi su ofis ofis da rigar aikina. Naka kuwa a kan matakalar coci na zauna na yi shi. Ni na koya maka rubutu, ban sha wuya ba.

Malamin lissafin ya riƙe takardar ya daɗe. Ya ce in gaya maka jarrabawar farko ba ta nuna komai, ka dawo da bazara, zai zauna da kai. Shekara biyu ba ka aiko da adireshi ba. Da ka aiko, ka riga ka zama mai rufi, kowace wasiƙa kana cewa ba wanda ya taɓa taimakonka, kuma na ga abin yana riƙe da kai. Sai na yi shiru. Ban sani ba ko daidai na yi. Ga tsoro kuma, don sa hannun wani laifi ne, na yi shekaru ina jiran a buga mini ƙofa.

Helmi

Ellery
14 ga Afrilu, 1994

Yaya Helmi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ƙanƙarar ta fara sakin ku. A nan ciyawa ta fito. Gwiwoyi suna nan yadda kika san su. Na san na yi shiru sati bakwai. Na fara wasiƙar nan sau da yawa.

Ambulan ɗin ya kwana shida a kan teburin kicin. Da kika ce in na sani ba zan kai ba, sai na ɗauka abin ya fi faɗuwa biyar muni, ko sun rubuta kora. Na ɗaga shi a hasken taga, takardar mai kauri ce. Ranar Lahadi na dafa ruwa a buta, na tsaya da ambulan ɗin a hannu tururi yana tashi, don na san yadda ake buɗe shi da tururi. Sai na zuba kofi na sha. Ranar Litinin, ana gobe za a rufe, na sa rigar da kika ce in saya na hau tudun.

Malama Pruitt ta duba hatimin ta baya da gaba, ta yanka da wuƙar takarda. Ni ina kallon silin. Akwai tabon ruwa a kusurwa, amma wannan ginin ba ni na rufa shi ba.

Ta ce, "To me ya sa ka ɓoye wannan? Ba komai a ciki. Ya janye, ya janye, sau biyar."

Na ce, "Ba nawa ba ne, an haɗa da na wani."

Ta juyo mini da shafi na biyu. Ga sunana a ƙasa, ranar 21 ga Nuwamba, 1958. A ranar ina Ohio ina ɗaukar allo a kafaɗa. Na dubi rubutun. Kowa zai ce nawa ne. Amma ni ban taɓa rubutu a miƙe kan layi haka ba, ke ce kike dukan hannuna a kan wannan.

Na ce, "Malama, wannan ba hannuna ba ne. Yayata ce. Ni guduwa na yi."

Ban san me ya sa na faɗa ba. Ƙofar tana buɗe, ni kuma na sa ƙafa ina neman rufe ta. Ta cire tabarau.

Ta ce, "Kana so in rubuta haka?"

Na ce, "Ban taɓa ɗora allo a kan ruɓaɓɓen katako ba."

Ta ce dole ta kai wa kwamiti yadda na faɗa, kuma ba ta san me za su ce ba. Na dawo gida na buɗe naki. Ba zan yi dogon zance a kai ba. Na zauna a matakalar baya har kofin ya huce a hannuna, ina ganin wata yarinya mai shekara ashirin da huɗu da jan hannu saboda sabulu tana buga ƙofofi biyar. Da kuma bazarar da ban koma ba. Na ji haushinki kwana biyu, na ji haushin kaina sauran. Ba ki yi laifi ba. Ko kin gaya mini a lokacin, da na ce ƙarya ne.

Sati shida ina jira. Shekaranjiya wasiƙarsu ta zo. Sun ce abin da waccan makarantar ta karɓa ta rubuta shi ne sakamakona, ba za su sake shari'ar da aka rufe tun 1958 ba. Sun ɗauke ni. Daga darussan da na yi a kwalejin gari sun ƙi lissafa biyu, sai na sake su, ban damu ba. Malama Pruitt ta ƙara da alƙalaminta a ƙasa, wai in gaishe da yayata, kuma in gaya mata ba wanda zai buga mata ƙofa.

Na hau hawa na uku jiya, mataki ɗaya ɗaya. Malamin nan ya yi ritaya, wata mata ce ke koyar da duwatsu yanzu. Ajin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Na zauna a kujera ta uku. Daga ciki, in ka ɗaga kai, ana ganin gefen allunan ta 'yar tagar, jere, ko ɗaya bai goce ba.

Saura magana ɗaya, kuma a kanta nake faɗa da su yanzu. Suna da wani babban littafi a cocin kwalejin, tun kafuwarta. Ranar farko ta zangon kaka ana buga ƙararrawa, sababbin ɗalibai su yi layi, kowa ya rubuta sunansa a ciki. Na tambayi ranar, sai aka ce ai 'yan shekarar farko ne kawai ke sa hannu, wanda aka mayar daga wata makaranta ba ya ciki, haka aka saba. Na ce to za a sake sabo. Na rubuta wa shugaban kwalejin shafi uku, kuma wannan karon duk abin da na rubuta na duba shi sau biyu.

Ranar 29 ga Agusta ce. Zan zo da mota in ɗauke ki tun ana saura sati, ki gaya wa Irja akwai wuri in tana so ta ga wanda ya haƙa tafkin. Za ki zauna a layin gaba inda ba sai kin ji ba, gani ya isa. Ko sun yarda ko ba su yarda ba zan shiga layin nan, kuma ba zan gusa daga gaban teburin ba sai an buɗe littafin an sa sunana cikakke, Arvo Eino Niemela. Ki bar alƙalaminki a gida. Ni zan rubuta.

Ƙanenki,
Arvo